Kwas ɗin shirin jarabawar PgMP: bidiyon ya yi, amma mai duba takarda ya ƙona min rai

Wata huɗu na yi ina bin wannan kwas na intanet, kuma babban ƙunshin na saya, wanda aka ce har da malamin da zai zauna da kai ya duba takardarka ta neman shiga. Saboda wannan alkawari kaɗai na biya. Bidiyo da tambayoyin gwaji ai ko'ina ka leƙa akwai su. Tauraro uku nake shirin ba su, ga dalili.

Duk wanda ya taɓa neman wannan shaida ya san inda gizo ke saƙar. PgMP, shaidar ƙwarewa a jagorancin shiri wadda PMI, cibiyar ƙwararrun gudanar da ayyuka ta Amurka, ta fito da ita a 2007, ƙofa biyu gare ta: duba takarda, sannan jarabawa. Kafin ka ga tambaya ko ɗaya, sai wani kwamiti na waɗanda suka riga suka mallaki shaidar ya karanta bayanin da ka rubuta kan abin da ka yi da hannunka, ya gamsu cewa shiri ka jagoranta, wato ayyuka masu alaƙa da ake tafiyar da su tare don samun moriyar da ba za a samu ba in an raba su. Mai digiri ana neman ya nuna wata 48 yana wannan jagoranci cikin shekara 15 da suka wuce, marar digiri wata 84, ƙari ga wata 48 na gudanar da aiki ko PMP, shaidar PMI ta masu gudanar da aiki guda. Shekarun ina da su. Yadda zan tsara su a rubuce ne ya hana ni barci.

Na kwashe mako biyu ina rubutun. Shirin da na kafa hujja da shi ayyuka uku ne a ma'aikatarmu: sauya manhajar ajiye bayanai, horar da ma'aikata, da gina wata ƙaramar manhaja ta fitar da rahoto. Sakin layin da na fi alfahari da shi shi ne inda na bayyana yadda na kai wa kwamitin sa ido shawarar a dakatar da aiki na uku, alhali yana tafiya daidai kan lokaci da kasafi, don sabuwar manhajar ta riga ta zo da abin da yake ƙoƙarin samarwa. Jagoran wannan aiki ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata da kyau, amma kuɗin da aka ceto aka zuba a horo.

Ranar zama da malamin, minti ashirin na yi ina kallon fuskata a allon kwamfuta kafin ya shigo. Kyamararsa a kashe. Ina jin yana danna linzami yana cewa "to, to, bari mu gani", nan na gane yanzu ne yake buɗe takardar da na tura masa kwana tara da suka wuce. Na yi shiru. Da ya iso sakin layin nan sai ya ce in cire shi, wai ba a son a ga aiki ya mutu a hannun mutum. Na ce, "Malam, ai a darasi na shida ku da kanku kuka ce alamar jagoran shiri ita ce ya iya tsayar da aikin da ya daina hidima wa manufar ma'aikata." Ya ce ba shi ya ɗauki wannan bidiyo ba. Wallahi haka ya ce min.

Bayan kwana biyu gyararriyar takarda ta iso. An share sakin layin, an cika wurin da "na kammala kan lokaci, ban wuce kasafi ba", maganar da ta dace da mai neman PMP. Ina cikin karantawa a shafi na biyu sai na ci karo da sunan wani kamfanin da ban taɓa taka ƙofarsa ba, a tsakiyar jimla, an ce ni na jagoranci masu ruwa da tsakinsa. Takardar wani ɗalibi aka kwafo aka liƙa min, aka manta ba a goge sunan ba. Gabana ya faɗi. Da gajiya ta sa na tura ba tare da na bi layi-layi ba, da na sa hannu a kan ƙarya a gaban cibiyar da ke iya zaɓar takardarka ta bincika ta nemi shaidar waɗanda ka yi aiki a ƙarƙashinsu. Shi kuma wancan ɗalibi, bawan Allah, bai san bayanan aikinsa suna yawo a akwatin saƙon baƙo ba.

Tsakani da Allah, bidiyoyin suna da kyau, kuma matar da ta koyar da sashen kula da moriya ta san aikinta. Ita ta fahimtar da ni cewa rufe shiri ba shi ne ƙarshen magana ba, sai an miƙa moriyar ga sashen da zai ci gaba da raya ta, da sunan wanda zai riƙa auna ta. Sun kuma raba lokacin darussa daidai da nauyin jarabawa: matakan rayuwar shiri ke ɗauke da kashi 44 cikin ɗari, hulɗa da masu ruwa da tsaki 16, daidaita shiri da manufar ma'aikata 15, sa ido da yanke hukunci 14, moriya 11. Jarabawar gwajinsu ma tambaya 170 ce cikin awa huɗu kamar ta gaske, ta koya min zama wuri ɗaya, ko da yake wasu tambayoyin da ganinsu ka san daga rumbun PMP aka ɗebo su.

Sai dai ina rubuta wannan yabo ina tuna cewa duk ana samunsa a ƙaramin ƙunshin. Bambancin kuɗin da na ƙara na malamin nan ne. Na rubuta musu ƙorafi har sau uku, na haɗa da hoton shafin, na ja layi a ƙarƙashin sunan kamfanin. Amsa ɗaya na samu, wai suna godiya da ra'ayina, ga rangwame in ina son ƙarin zama da malami. Wane malamin? Shi ɗin dai?

A'a, tauraro uku ya yi yawa. Biyu na bayar, kuma duka biyun na matar nan ne. Takardar kuwa na koma kan tawa ta asali, na mayar da sakin layin da aka share, wata tsohuwar shugabata mai shaidar ta karanta min ita da jan biro a hannu, ta ce in rage "mun yi" in yawaita "na yi", don hukuncin da kai ka yanke kwamitin PMI yake son gani. Na tura makon jiya, yanzu jiran amsarsu nake.