Na yi ƙorafi kan alƙaluman hukuma a Ingila, suka nemi in ƙara bayani

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Duk wanda ya kira ni daga can, tambayarsa ba ta wuce sanyi da kuɗin haya da yadda ake samun biza. Yau wani labari ne daban nake so ku ji, domin tun da abin ya faru yake yi mini yawo a zuciya.

Muna da wata 'yar makarantar ranar Asabar a unguwarmu, inda muke koya wa yaranmu Hausa da karatun addini. Muka yi shawarar neman tallafi daga ƙaramar hukumar da muke ƙarƙashinta. A nan ba a ba ka ko sisi don ka iya kuka. Fom ɗin ya ce a rubuta yara nawa ne 'yan ƙasa da shekara 16 a mazaɓar, da gidaje nawa ne Turanci ba shi ne harshensu na farko ba, a kuma faɗi inda aka samo adadin. Da yake ni ne mai ɗan taɓa kwamfuta a cikinmu, sai aka ɗora mini aikin.

Na shiga shafin alƙaluma na ƙaramar hukumar, na sha wuya. In latsa nan a ce babu shafin, in latsa can a sauko mini da wani jadawali mai suna kamar lambar mota. Da na samu sunan mazaɓarmu a wuri biyu, sai adadin ya sha bamban. Raina ya ɓaci sosai. A can ƙasan shafin akwai wata 'yar tambaya: shin wannan shafi ya yi maka amfani? Na latsa a'a. Wani akwati ya buɗe, na zazzage duk abin da ke cikina, na ce an ɓata mini dare, na ce wanda ya tsara shafin bai taɓa neman komai a cikinsa ba. Na bar adireshin imel ɗina ba don ina sa rai ba.

Mako bai zagayo ba sai ga amsa. Wata ma'aikaciya ce a sashen da ke kula da alƙaluman. Ta ba ni haƙuri. Ta yi mini bayani cewa an sake shata iyakokin mazaɓu bayan ƙidaya, shi ya sa na ga adadi biyu, ɗaya na tsohuwar iyaka ɗaya na sabuwa. Ta haɗo mini jadawalin da nake nema, ta nuna mini layin da zan duba. Sannan ta yi tambayar da ta sa na ajiye wayar na yi shiru. Ta ce don Allah in gaya mata ainihin kalmomin da na rubuta a wurin bincike, da wurin da na fara latsawa, domin idan ni na ɓace a wurin, to akwai wasu da yawa da suka ɓace ba su yi magana ba.

Wallahi ban taɓa jin ma'aikacin gwamnati ya yi mini irin wannan magana ba. Na yi mata faɗa, ita kuma tana roƙona in ƙara. Bayan ɗan lokaci ta sake rubuto mini, ta ce suna gyara shafin, ko zan yarda a yi kiran bidiyo in gwada sabon tsarin suna kallo. Na yarda. Mutum biyu ne, ɗaya na ba ni aiki, ɗaya na rubutu. Za a ce mini, nemo mana yawan tsofaffin da ke zaune su kaɗai a unguwarku. Duk inda na tsaya ina lalube, ba mai ce mini ga hanya, sai dai in ga mai rubutun ya sunkuya yana rubutawa. Tun farko sun gaya mini shafin ake gwadawa, ba ni ake gwadawa ba. Da na koma daga baya, na tarar an raba jadawalin biyu, an rubuta a sama da manyan baƙaƙe wanne ne na tsohuwar iyaka.

Matar ce ta nuna mini cewa asalin alƙaluman daga ofishin ƙididdiga na ƙasa suke fitowa, wanda ake kira ONS, mai hedikwata a garin Newport na yankin Wales. Su suka gudanar da ƙidayar 21 ga Maris 2021, wadda ta nuna mutum miliyan 59.6 a Ingila da Wales. Ƙasar nan tun 1801 take ƙidaya duk shekara goma, sau ɗaya kawai ta tsallake, a 1941 saboda yaƙin duniya na biyu. Cika takardar dole ne, wanda ya ƙi ana iya cin sa tarar da ta kai fam 1,000. Amma abin da mutum ya rubuta da sunansa ana kulle shi shekara 100. Sai a Janairun 2022 aka buɗe takardun ƙidayar 1921.

ONS ɗin suna da wata taswira a intanet da na kwana ina juyawa. Ka rubuta lambar unguwarku, ka zaɓi abin da kake so, shekaru ne, ko addini, ko ƙasar haihuwa, ko irin gidan da ake zaune, sai taswirar ta rine da launi mai duhu da mai haske. Kana matsowa tana tsattsagewa har ta kai gungun gidaje na 'yan layuka kaɗan, inda mazauna ba su wuce ɗaruruwa ba. A nan na ga cewa haifaffun Najeriya a Ingila da Wales sun haura 270,000, Musulmi kuma miliyan 3.9, wato kashi 6.5 cikin 100. Ba wanda ya tambaye ni ko ni wane ne, ba wanda ya ce in kawo takarda daga shugabana. Kowane rahoto akwai ranar da ya fito, da ranar da na gaba zai fito, da imel da lambar wayar sashen da ya haɗa shi. Alƙaluman hauhawar farashi ƙarfe 7 na safe suke fita a ranar da aka sanar tun da daɗewa, kuma tun 2017 aka soke al'adar nuna wa ministoci su kafin kowa.

Kada ku ɗauka aljanna ce. Yawan shafukan kansa ciwon kai ne. Sukotland nata ofishin daban, ƙidayarta ma sai 2022 ta yi. Ailan ta Arewa ita ma nata daban. Duk mai son adadin Birtaniya gaba ɗaya sai ya bi gida uku. Wasu jadawalan in ka buɗe su a waya ba ka ganin komai sai layuka da gajerun sunayen da masana kaɗai suka san ma'anarsu, kuma yawancin mutanenmu a nan da waya suke komai. Su ma ONS ɗin suna tafka kuskure babba. A 2023 masu amsa tambayoyin binciken ayyukan yi sun ragu har ONS ta dakatar da fitar da alƙaluman rashin aikin yi yadda ta saba, gwamnan babban bankin Ingila Andrew Bailey ya fito fili ya koka, kuma a 2025 shugaban ofishin Ian Diamond ya sauka. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne duk wannan a bainar jama'a aka yi shi. A saman rahoton aka manna gargaɗi cewa a yi hattara da waɗannan alƙaluma. Akwai ma wata hukuma da aikinta shi ne sa ido kan ƙididdiga, wadda kan rubuta wa minista wasiƙa a fili idan ya murɗe adadi a jawabinsa.

Ana cikin haka ƙanena, wanda malamin firamare ne a gida, ya kira ni. Su ma wata ƙungiya ce ta ce za ta taimaka musu da azuzuwa idan suka kawo adadin yaran mazaɓarsu da suka isa shiga makaranta. Ya je wani ofishi da ba zan kira sunansa ba. Aka ce ya rubuto takarda. Ya rubuto, aka ce mai sa hannu ya yi tafiya. Ya koma, aka tambaye shi wa ya aiko shi, me zai yi da adadin. A ƙarshe wani ya ja shi gefe ya ce, Malam, kai dai rubuta abin da ka ga ya dace, ba mai dubawa. Yana ba ni labari yana dariya, ni kuwa hawaye ne suka cika mini ido. Malamin makaranta ne fa, yaran da yake koyarwa yake tambaya a kansu.

To ina ma adadin zai fito? Rabonmu da ƙidaya tun 2006, lokacin da aka ce mu miliyan 140 ne. Yaron da aka haifa jim kaɗan bayan ƙidayar yanzu ya isa jefa ƙuri'a, bai taɓa shiga lissafi ba. An sa ranar sabuwar ƙidaya a watan Mayun 2023, ana saura kwanaki gwamnatin Buhari ta ɗage ta. Duk adadin da kuke ji yau, miliyan 200 da kaza, hasashe ne da aka gina kan na 2006. Shi ya sa ko yaran da ba sa zuwa makaranta ba mu da magana ɗaya a kansu. An daɗe ana cewa miliyan 10.5, sai UNESCO ta ce kusan miliyan 20 a 2022. Tsakanin adadin biyu akwai yara kusan miliyan goma da ba mu san ko suna aji ko suna titi ba.

A nan ne zan juyo kanmu, domin laifin ba na gwamnati kaɗai ba ne. Mun mayar da ƙidaya fagen daga. An soke ta 1962, aka sake a 1963 cikin rigima, aka soke ta 1973. A 2006 da aka ce Kano miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, gwamnatin Legas ta yi fatali da sakamakon ta ce mutanenta sun haura miliyan 17. Ko addini da ƙabila ba a yi gangancin tambaya ba a waccan ƙidaya saboda tsoron abin da zai biyo baya. Kowa ya san dalili: da yawan jama'a ake rabon kuɗin tarayya da kujerun majalisar wakilai. Don haka mai unguwa yana so a ƙara, ɗan siyasa yana so a ninka, wani magidancin kuma yana ɓoye yawan 'ya'yansa don gudun baki ko tsoron haraji. Mun sha jin ana alfahari da yadda aka cika takardu da sunayen waɗanda ba su nan. Bayan haka kuma mu ne masu kukan an gina asibiti mai gado goma a inda ake buƙatar ɗari.

Kuma ba ma tambaya. Wani zai turo adadi a WhatsApp, an sa masa hoton tuta, kafin la'asar ya zaga gari. Ba mai cewa daga ina, na wace shekara, wa ya ƙirga. Har masu digiri a cikinmu haka suke yi. Alhali Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, tana fitar da abubuwa masu amfani da yawancinmu ba mu taɓa buɗewa ba. Duk wata tana fitar da alƙaluman hauhawar farashi jiha jiha. Ita ce a 2022 ta fito ta ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100, suna cikin talauci ta fuskoki da dama, maganar da ba gwamnatin da za ta so ji. Akwai ƙwararru a wurin, kuma sun cancanci a faɗa.

Inda nake ganin an bar mu a baya shi ne bayani. A ƙarshen 2020 an ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3. A 2023 aka ce 4.1. Ba ayyuka ne suka yi ruwa ba, ma'auni aka sauya zuwa na ƙungiyar ƙwadago ta duniya, inda wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi ake lissafa shi cikin masu aiki. Haka hauhawar farashi ta sauko daga kashi 34.80 a Disambar 2024 zuwa 24.48 a Janairun 2025, saboda an sauya shekarar da ake aunawa da ita daga 2009 zuwa 2024. Duka biyun suna da hujja a ilimin ƙididdiga. Amma mutumin da ya ji a rediyo cewa farashi ya sauka alhali aljihunsa bai shaida ba, me zai ɗauka in ban da ƙarya ake yi masa? Rahotannin da Turanci suke fitowa, Turancin ma na masana. Ingila da Wales suna wallafa sakamakon ƙidayarsu har da harshen Welsh, wanda masu jin sa ba su kai miliyan ɗaya ba. Mu masu Hausa miliyoyi ne barkatai, sai dai mu jira ɗan jarida ya fassara mana kanun labari. Sannan a Disambar 2024 masu kutse suka shiga shafin NBS, ya yi makonni a rufe, ɗalibai da 'yan jarida suka rasa inda za su dosa.

Akwai daren da nake kan taswirar nan tasu, na ga layinmu na nan da yawan yaransa da tsofaffinsa, sai kewar gida ta kama ni. Na so a ce zan iya jan taswirar zuwa unguwar da aka haife ni, in ga yara nawa ke cikinta yanzu, gidaje nawa ke da ruwa, 'yan mata nawa suka gama sakandare. Na san layin da nake baƙo a cikinsa da lissafi, unguwar iyayena kuwa sai dai in ce mutane sun yi yawa.

Na gaya wa ƙanena kada ya rubuta adadin da ya ga dama. Muna da dokar 'yancin samun bayanai da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a 2011, wadda ta bai wa ofishin gwamnati kwana 7 ya amsa buƙatar ɗan ƙasa, kuma ba ta ce sai ya faɗi dalilinsa ba. A nan Birtaniya ma kwanakin aiki 20 doka ta ba su, ka ga a takarda tamu ta fi tsauri. Muka zauna a waya muka tsara wasiƙar tare, ya ambaci dokar, ya faɗi ainihin adadin da yake nema da sunan mazaɓar. Na ce ya yi kwafi biyu, kada ya bar wurin sai an buga masa hatimin karɓa da kwanan wata a nasa. Ya kai, an buga masa. Su kuma malaman makarantar sun raba layuka a tsakaninsu, suna bi gida gida da littafi suna rubuta yaran da kansu, domin ƙungiyar ba za ta jira su har abada ba.