Mai panno na bayan kasuwar Tawa da injin iskarsa

Masu tambaya ta wa ya ɗora mana panno na hasken rana a gida, to ga shi. Wani saurayi ne mai atiliye a bayan babbar kasuwar Tawa, tun da Najeriya ta yanke mana kuran a watan Agusta 2023 kasuwarsa ta buɗe har yau bai huta ba. Aikinsa na panno kam ba abin cewa. Sai da ya ƙirga kayan gidan tukuna, firigo da bantilater da ampul da tele, kana ya faɗi panno da batirin da za su ɗauka, waya ma mai kauri ya sa ba irin siririyar nan da ke ɗumi da rana ba, ya kuma ja kunnen yara su riƙa goge ƙura da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Kuɗinsa sun ɗan fi na wasu, amma in ka kira shi yana zuwa.

Inda muka rabu da shi, ƙirƙire-ƙirƙirensa. Mutumin yana da kai, ban hana ba. A kan rufin atiliyen akwai injin iska da ya haɗa da kansa, fukafukai na bututun roba da ya tsaga, ya ɗaura su a altanater ɗin tsohuwar mota, wato abin da ke caja batirin mota, yana cewa alhaji da wannan ko da dare kana samun wuta, ka ba da jaka kaɗan na abans in haɗa maka. Na tsaya na duba mita da idona, iskar hunturu na kaɗawa abin na juyi gwanin sha'awa amma allurar ko motsi. Dalili kuwa altanater na mota an yi shi ne don injin da ke gudu sosai, ga shi sai ya ci wutar batiri kafin ya fara ba da tasa, to fukafukan roba ina za su kai wannan gudun? Sannan iska in gudunta ya ragu da rabi ƙarfinta kashi ɗaya cikin takwas ke saura, a cikin gari kuma gidaje da itatuwa sun tare ta. Shi ya sa masu maganar tashar iska ta Tarka, mai megawat 250 a nan jihar tamu, dogayen ginshiƙai suke nufin kafawa a fili, ba rufin kwano ba.

Akwai kuma keken da ake tukawa ya caja batiri, wannan dariya kawai na yi, ƙato ya yi ta gumi a zafin Afrilu don wat ɗari. Wanda na ga da alamar gaskiya shi ne gas na kashin shanu da yake tarawa a tano, ya kunna mini wutar shuɗiya tas, sai dai ni a ganina girki ya dace da shi, janareto zai shanye shi nan da nan.

Ranar nan da ke ba tashar panno ta Malbaza megawat 7 tun 2018 da ta Gorou Banda kusa da Yamai megawat 30 ita ce a kan rufinka, don haka ku je ya ɗora muku panno. In ya kawo zancen injin iska ku ce ya fara nuna muku mita tukuna kafin abans.