Maganin ƙarin jinin da na kusa jefawa a shara

Muna cikin kwalba ta uku na ce wa baban 'yata ni fa na gaji, wannan ruwa ne kawai aka sa wa launi. Ferrous sulfate ne na yara, maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, mai ɗigawa, wanda aka rubuta mata tana shekara 3 da rabi. Awon jininta ya nuna himogulobin, wato sinadarin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini, 8.4, alhali mai shekarunta bai kamata ya yi ƙasa da 11 ba. In ka ja fatar idonta ƙasa, fari fat. Ga gudawa wata da watanni, kashi mai maiƙo da ɗoyi, ciki ya kumbura, ƙafafu kamar tsinke.

Ɗanɗanonsa kamar ka tsotsi tsohuwar ƙusa, duk zaƙin da aka zuba bai rufe shi ba. Cikin sati biyu haƙoranta na gaba suka fara dishi-dishi, sai wata nas ta nuna min in riƙa ɗiga shi ta gefen kumatu can ciki, in goge haƙoran daga baya. Kashi ya koma baƙi, wannan kam an riga an gaya min. Murfin sai an danna an murɗa, kuma ya yi min daidai, domin yaro in ya kwankwaɗi maganin nan yana iya rasa ransa. Abin da ya ba ni haushi shi ne takardar jikin kwalbar: miligiram 75 da miligiram 15 a kowane mililita. Na farko nauyin maganin ne gaba ɗaya, na biyu ainihin sinadarin ƙarfen, kuma da shi likita ke lissafi bisa nauyin yaro. Da ƙananan baƙaƙe aka rubuta shi, sai da na ɗauko tabarau.

Ban karya doka ba. Ba shayi ba madara kusa da lokacin sha, da ruwan lemo nake haɗa mata. Bayan wata uku jini ya motsa zuwa 8.6 kacal, abin da ya kamata ya ƙaru da kamar giram 1 cikin wata guda.

Likitar cikin yara da aka tura mu wurinta ce ta tsaya kan gudawar. Ta sa aka yi gwajin jini mai suna tTG-IgA, na duba ko jiki yana faɗa da alkama, ta ja min kunne: “Maman yarinya, kada ki cire mata alkama kafin gwaji, sakamakon zai yi mana ƙarya.” Daga baya aka zura na'ura aka tsinko ɗan naman hanji. Cutar siliyak ce. Gulutin, wani furotin da ke cikin alkama da sha'ir, ya sa garkuwar jikinta ta lalata 'yan tsirge-tsirgen da ke tsotsar abinci a farkon ƙaramin hanji, daidai inda ƙarfe ke shiga jiki. Ashe duk watannin nan ruwa nake zubawa a kwando, ina zagin kwalba.

Muka cire burodi, biskit da taliya. Gudawa ta lafa cikin 'yan makonni. Da irin maganin nan, ba a canza ko murfi ba, wata huɗu jininta ya kai 11.3. Likita ta ce mu ci gaba wata uku don feritin, wato ajiyar ƙarfen jiki, ya cika. Har yau in ta hango kwalbar bayan ƙofa take ɓuya, sai yayanta ya kamo min ita.