Yini guda a Al-Alamein daga jirgin ruwa

Jirginmu ya tsaya a Iskandariya ta ƙasar Masar da asuba. Yawancin fasinjoji suka nufi Alƙahira kallon dalar Fir'auna, ni da mai ɗakina muka biya kuɗin tafiyar Al-Alamein, kilomita 100 da ɗoriya yamma da birnin. Kakana tsohon sojan Bama ne, ya sha ba mu labarin yaƙin Hitila, shi ya sa na daɗe ina son ganin wani fagen yaƙin da idona.

Mota mai sanyi ce, ga ruwan gora, tafiyar kusan awa 2. Ɗan rakiyarmu ya san aikinsa. Tun a hanya ya fahimtar da mu dalilin da ya sa aka gwabza a nan: teku daga arewa, kwarin Ƙattara mai wuyar ratsawa daga kudu, tsakaninsu kamar kilomita 60, tankoki ba su da ta inda za su zagaya. Nan Montgomery, kwamandan Birtaniya, ya far wa rundunar Rommel, kwamandan Jamus, a daren 23 ga Oktoba 1942.

Gidan tarihin da aka buɗe a 1965 ba laifi. Akwai ɗakin Masar, na Birtaniya, na Jamus da na Italiya, da kakin sojoji da taswirori, a waje kuma tankoki da igwa suna shan rana. Awa ɗaya ta wadatar.

Maƙabartar sojojin Kwamanwel, wato Birtaniya da ƙasashen renonta, ce ta tsaya mini a rai. Kaburbura sama da 7,000 jere cikin rairayi, fiye da 800 ba a san masu su ba, a bangon shiga kuma sunaye kusan 12,000 na waɗanda ba su da kabarin da aka sani. Ina cikin karanta shekarunsu, 19, 21, 22, sai na ci karo da duwatsun Musulmi, an rubuta "Huwal Gafur" da larabci. Mai ɗakina ta ce, "Alhaji, mu yi musu addu'a." Ba mu shafa ba muka ji hon. Minti 30 kacal aka ba mu a nan, amma abincin rana a otal ya cinye fiye da awa guda. Wannan ya ɓata mini rai ƙwarai.

Ta Jamusawa, wadda aka gina kamar ganuwa mai kusurwa 8 a kan tudu, daga cikin mota muka hango ta. Ta Italiya sai da muka roƙa aka tsaya. A gefen farar hasumiyarta akwai ɗan masallaci da kaburburan 'yan Libiya da suka yi wa Italiya yaƙi, can na yi Azahar.

Tafiyar ta ci kuɗinta, amma in da hali ku haɗu ku huɗu ku ɗauki shatar mota, ku fara da maƙabartu tun rana ba ta yi zafi ba. Kada kowa ya sauka daga titi ya shiga daji, har yau akwai nakiyoyin yaƙin a binne.