Ful a Ƙofar Kaura: Man Ya Yi Yawa, Amma Zan Koma

Ɗan ƙaramin shago ne a wajajen Ƙofar Kaura, benci biyu da tebur ɗaya, ko allon suna babu. 'Yan unguwa "wajen ɗan Sudan" suke ce masa, alhali mai shagon Bakatsine ne gaba da baya. Karatu ya kai shi Kartum, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojojin Sudan ƙarƙashin Janar Burhan da dakarun mataimakinsa na lokacin, Hemedti, ya koro shi gida. Bai dawo da takardar shaida ba, sai iya dafa ful.

Ful ɗin manyan wake ne, a dafa su luguf, a daddanne da gindin kwalba, a zuba tumatir da albasa da man riɗi, a ci da burodi. Daɗi kam ba a magana. Sai dai man ya yi yawa, har sai da na karkata kwanon ya taru gefe guda. Na ce, "Malam, wannan ai sai ka sa mutum tari." Ya yi murmushi ya ce, "Yaya, can ma man ne ya yi mana yawa."

Nan hira ta ɓalle. Ya ce matatar man fetur ta Jaili da ke arewa da Kartum tun farkon yaƙin dakarun Hemedti suka riƙe ta, aka yi ta gwabzawa a kanta har ta kama da wuta a Janairun 2025, sannan sojoji suka ƙwace. Bututun da ke kai ɗanyen man Sudan ta Kudu bakin teku ma ta nan ya ratsa, idon kowa na kansa. Su kuwa a unguwar da ya zauna, famfo ya ƙafe, gidan burodi ya rufe. Akwai wata tsohuwa mai sayar musu da shayi a bakin titi, mai ciwon suga, allurarta ta yanke tun kafin ya taho. Har yau bai san ko tana raye ba. Da ya kawo nan sai ya juya ya hau goge teburin da ba shi da datti.

Shayinsa na kirfa da citta da kanumfari irin nata ne, in ji shi. A gawayi yake dafawa, don haka mai sauri ya haƙura. Ni sai da na kusa makara aiki. Ful ɗin ba ya wuce ƙarfe tara na safe, kuma tun yana zubawa ka ce masa ya rage mai.