Na'urar girgiza kujera ta biya ni, amma mai sayar da amfilifaya ya cuce ni

Wata huɗu ke nan da haɗa kayan nan, shi ya sa na ga yanzu ina da bakin magana a kansu. Da a makon farko na rubuta, da ɓacin rai zalla za ku karanta.

Ba son burga ne ya kai ni sayen na'urar girgiza kujera ba, wufa ce, wato sifikar da ke fitar da sauti mai kauri, ta so ta haɗa ni da maƙwabcina. Ina da ƙananan sifiku biyu a kan tebur da wufa mai inci 8 a ƙasa, irin wadda kowa ya sani. Gidan haya muke, kuma bango ɗaya ne tsakanin ɗakin da kwamfutata take da ɗakin kwanan wani dattijo, tsohon malamin makaranta. Ni kuwa sai bayan isha'i nake samun sukuni, in kunna wasan Euro Truck Simulator 2 in ja tirela na awa ɗaya ko biyu, ko in kalli fim. Wani dare wajen sha ɗaya na ji sallama a ƙofa. Na buɗe, sai ga shi tsaye da tocila a hannu, ko hula babu a kansa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗana, ba waƙa nake ji ba, ba magana nake ji ba, amma gadona rawa yake yi. Yau kwana uku ban runtsa ba." Kunya ta rufe ni. Na ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri, wallahi ban sani ba." Kuma da gaske ban sani ba, domin a wajena muryar ba ta kai ta kawo ba.

Washegari na roƙe shi ya bar ni in shiga ɗakin nasa, na sa ƙanena ya kunna kayan daidai yadda na bar su. Sai a lokacin na gane abin da bawan Allahn nan yake sha. Babu wani sauti da za ka ce ga shi, sai dum-dum kawai a ƙirji, gilashin taga kuma yana ta karkarwa. Siririn sauti bango yana tare shi, amma mai kauri ratsawa yake yi. Sautin 40 Hz, wato mai bugu 40 a daƙiƙa, tsawon zangonsa ya haura mita 8, ɗakina kuma duka-duka mita 4 ne. Ga shi na cusa wufar a kusurwa, jikin wannan bangon dai, kusurwa kuma ƙara wa bes, wato sautin nan mai kauri, ƙarfi take yi. Na janye ta, na ɗora ta a kan soso, na rage mata murya. Kafin ta kai inda ba za ta dami Baba ba, ta zama kamar a kashe take.

Daga nan na fara neman na'urar da masu sayarwa ke kira bes-sheka. Ga wanda bai taɓa ganin ta ba, sifika ce wadda ba ta da faifan da ke tura iska. Wani ƙarfe mai nauyi ne a cikinta yake kai da komo, sai ka ɗaure ta a jikin kujera, girgizar ta bi katako ta shigo jikinka. Na sayi Dayton Audio BST-1 guda biyu, kowace wat 50, om 4. Sun iso lafiya, da nauyinsu a hannu, kana ɗagawa ka san ba holoƙo ba ne.

Kada kowa ya ɓata lokacinsa a kan kujerar ofis mai gindin roba. Na fara gwadawa a kanta, na ɗaɗɗaure da waya, abin da na samu kawai shi ne ƙarar roba tana kaɗawa. Na ajiye ta na ɗauko kujerar katako mai hannu, na kai wa kafintan unguwarmu. Ya yanka filawud mai kauri ya kafa a ƙarƙashin mazauni, ya kafa wani a baya, ya ɗaure kowace na'ura da noti huɗu har da washa. Shi ne ma ya ce mini, "Malam, in ƙafafun nan suna kan siminti, rabin aikin ƙasa zai tafi." Ya tura yaronsa wajen mai faci ya samo guntun tsohuwar taya, ya yanka gida huɗu ya liƙa a ƙafafun. Wannan shawarar ta fi duk abin da na karanta a intanet amfani, domin ita ta hana girgizar bin ƙasa ta koma wa Baba ta wata hanyar.

Daren da komai ya zauna daidai ba zan manta da shi ba. Na kashe wufa, na sa hedifon, na shiga wasan, na murɗa makullin mota. Injin ya yi tari sau biyu ya kama, sai kujerar ta ɗauki wani irin gurnani a hankali, daga cinyoyina ya hau baya. Na saki sitiyari na zauna shiru. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, direban babbar mota ne, Kano zuwa Legas yake yi. In muna hutun makaranta, da asuba yakan ɗauke ni ya zaunar a gaba yayin da yake ɗumama inji, ni ina gyangyaɗi shi yana zagayawa yana bubbuga tayoyi da ƙarfe. Abin da na fi tunawa ba ƙarar motar ba ce, wannan karkarwar ce da ke shiga ƙashi ta cikin kujera. Shekara fiye da ashirin ban ji ta ba, ban ma san jikina yana riƙe da ita ba, sai ga ta a ɗakina da tsakar dare. Daga baya na yi lissafi: injin dizal mai silinda 6 in yana tsaye yana juyi 600 a minti, bugu 30 yake yi a daƙiƙa. Wufata ba ta sauka can da wani ƙarfin kirki, shi ya sa shekara biyu ina wasan nan ban taɓa jin wannan ba.

Na je na taso maiɗakina. Na ce, "Maman Ummi, zo ki zauna nan minti ɗaya." Ta zauna tana mitar na tashe ta, na taka totur, sai ta dafe hannun kujerar ta ce, "Abban Ummi, wannan ai cikin mota ne!" Na ce ta tashi ta ja baya taku biyu. Ta tsaya ta kasa kunne, ta ce ba ta jin komai. Yarinya tana barci a ɗaki na kusa ko motsi ba ta yi ba. Bayan kwana huɗu muka haɗu da Baba a hanyar masallaci, ya ce, "Ɗana, ka sayar da kayan ne?" Na ce suna nan, kullum ma ina kunnawa. Ya yi dariya ya sa mini albarka. A kan wannan kaɗai na ce kuɗina sun fito.

Amma kafin in kai wannan daren na sha wuya, kuma duk sanadin mutum ɗaya ne. Na'urorin nan ba sa aiki sai da amfilifaya tasu, don haka na sayi wata ƙarama a wajen wani mai sayarwa ta intanet. A tallarsa ya rubuta wat 300 da manyan baƙaƙe. Na tambaye shi ƙarara, na gaya masa abin da zan jona, ya ce, "Oga, ko huɗu ne za ta ɗauka." Da ta iso na jona, a ƙaramar murya tana aiki, amma da zarar an yi wata fashewa a fim ko tirela ta hau gargada, sai fitilarta ta lumshe, komai ya ɗauke, bayan daƙiƙa biyu ya dawo. Kwana biyar ina zargin kaina. Na kwance wayoyi na sake ɗaurawa, na canza igiya, har na fara tunanin ko na'urorin ne suka zo da matsala, na kusa mayar da abin da ba shi da laifi. Sai wani abokina mai gyaran rediyo ya zo, bai ko taɓa amfilifayar ba, ya juya adaftar da ta zo da ita ya nuna mini rubutun baya: bolt 12, amfiya 2. Ya ce, "Ninka su." Wat 24 ke nan. Ta ina wat 300 za ta fito daga cikin 24? Ya buɗe murfin, muka ga guntun da ke ciki TPA3116 ne, kuma shi abin kirki ne, yana iya ba da wat 50 a kowane ɓangare a kan om 4, amma sai an ba shi wuta wajen bolt 21, yana kuma ɗauka har 26. Wato ko da adaftar gaskiya, 100 ce iyakarsa, ba 300 ba. Ƙarya biyu ke nan a cikin kwali ɗaya.

Na tura wa mai sayarwar hoton adaftar da lissafin. Amsarsa ita ce ni ne ban iya haɗawa ba. Wannan maganar ta fi asarar kuɗin yi mini ciwo. Abokina ya kawo tsohuwar cajar laftof mai bolt 19, wat 90, ya duba bakin ya tabbatar da inda ƙafar wuta take kafin ya jona. Tun daga ranar ba ta sake ɗaukewa ba, ko a zafin watan Afrilu. Ɗumi dai tana yi, na ɗaga ta a kan katakai biyu don iska ta bi ta ƙasa.

Ita wannan amfilifayar kuma ba ta da matatar da ke tare siririn sauti, alhali mai sayarwar ya ce akwai. Abin murɗawar da ke gaba na ƙara murya ne kawai. Sakamakon haka duk abin da ya fito daga kwamfuta yana shiga kujera, har maganar mutane. Kana kallon labarai sai ka ji muryar mai karantawa tana fitowa daga ƙarƙashinka kamar ta cikin gwangwani. Da Equalizer APO na gyara, manhaja ce ta kyauta a Windows, na sa ta yanke duk abin da ya haura 80 Hz. Daga baya na sauke zuwa 70, domin a 80 muryoyin maza masu kauri suna ɗan leƙowa. Na kuma sayi ƙaramin katin sauti na USB na ware wa kujerar ita kaɗai, saboda da farko da igiya mai baki biyu na raba, kuma duk sanda na cusa hedifon a gaba sai kwamfuta ta yanke na baya, kujera ta mutu. Ga masu wasan mota, manhajar SimHub ita ce ta kammala abin. Ba daga sauti take ɗauka ba, daga bayanan wasan take ɗauka, sai ka ware wa inji tasa girgizar, canjin giya tasa, gargadar hanya tata.

Sai kuma gunjin wuta. Wutarmu a 50 Hz take, kuma wannan cikin inda na'urar take da ƙarfi ne. Abin da a sifika za ka ji shi ɗan zuuu ka share, a kujera cinyarka ce za ta yi ta tsuma ko babu abin da ke kunne. In an koma janareta ma har hawa da sauka yake yi yana bin injin. Na sayi ɗan abin da ake sawa a tsakiyar igiya don kashe gunji, ya kashe shi, amma ya tafi da rabin bes ɗin da na sayi kayan dominsa, na cire na ajiye. Dalilin ashe kwamfuta tana soket ɗaya, amfilifaya tana wani a ɗaya bangon. Na haɗa su a kan ekistenshan ɗaya, mai gyaran wuta kuma ya zo ya tarar wayar atin, wadda ke kai wuta ƙasa, ta kwance a cikin soket ɗin, ya ɗaure. Wani ya ba ni shawarar in karya ƙafa ta uku ta filogi. Kada ku yi. Ita ce ke kare ka ranar da wuta ta taɓa jikin ƙarfen kwamfuta, kuma da yara a gida.

In don sauraron kiɗa ne kawai, ban ce ka saya ba. Kalangu da kuntigi sautinsu a sama yake, kujerar kusan shiru take yi, kuma ko a waƙoƙin zamani masu bes, jin bugun a baya ba tare da iska ta motsa a ɗakin ba bai gamsar da ni ba. Da rana har yanzu wufa nake kunnawa, in haɗa su biyun, kujerar a ƙasa-ƙasa. Nan ma sai da na juya maɓallin bayan wufar daga 0 zuwa 180 kafin bugun kunne da na jiki suka zo tare. Kuma in ka cika mata wuta, minti talatin ya isa ka ji bayanka ya gaji. Ƙasa da rabi nake barin ta.

Da zan sake daga farko, na'urorin nan biyu zan sake saya ba tare da na yi shawara da kowa ba. Amma in na tara abin da na kashe a katin sauti, da abin kashe gunjin da ba ya amfani, da kuɗin mai wuta, da kwana biyar da na yi ina kwance wayoyin da lafiyarsu ƙalau, sai raina ya sake ɓaci. Da mutumin nan ya gaya mini gaskiya tun ranar da na tambaye shi, da na ƙara kuɗi na sayi mai matatar sauti da adafta ta ƙwarai, an wuce wurin. Adaftarsa tana nan a cikin durowa. Saƙona na ƙarshe ya buɗe shi tun wata uku da suka wuce bai amsa ba, kuma jiya na duba, tallar tana nan da wat 300 ɗinta.