Wace leza ya kamata sashen fiziks ya saya? Shawara kafin a sa hannu a takardar oda

A watan Janairun da ya wuce wani ƙanina a wurin aiki, sabon dakta da ya dawo daga karatu a waje, ya same ni a ɗakin gwaje-gwaje da takardu uku a hannu. Ya ce, "Malam, an ce mu rubuta kayan da muke so kafin ƙarshen wata. Ni dai leza mai sauya launi nake so, irin wadda na yi aiki da ita can." Na ce, "Dakta, zauna tukuna. Shafa saman teburin nan." Ya shafa, ya dubi yatsansa. Da safe aka goge teburin, amma kafin azahar hunturu ya riga ya shimfiɗa masa ƙura. Na ce masa daga nan za mu fara lissafi, kafin mu kai ga farashi.

Abin da na gaya masa ran nan shi nake so in faɗa wa duk wanda ke da hannu a sayen kayan lab, a jami'o'inmu na Katsina da Dutsin-Ma ko a kwalejojin fasaha na Katsina da Daura. Leza na'ura ce mai son sanyi, da tsabta, da wuta mai tsayawa wuri ɗaya. Mu kuwa muna da zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu, da laimar Agusta, da wutar da ake ɗaukewa ba sallama. Wadda za ta rayu a cikin wannan hali ita ce ta saye.

Mafi sauƙi su ne jajayen nan biyu. Ta iskar hiliyom da niyon tana ba da ja mai tsawon zango nanomita 632.8 (tsawon zango shi ne awon igiyar haske da ke nuna launinsa, da nanomita ake auna shi), haskenta tsaf, launinta ba ya yawo, shi ya sa har yau ba ta da na biyu wajen koyar da karon igiyoyin haske da bazuwarsu. Aibinta bututun gilashi ne da ke fashewa in ya faɗi, kuma tana aiki da wuta mai ƙarfin da ya haura bolt dubu. Ta dayod, mai kusan nanomita 650, ta fi araha nesa ba kusa ba, batir ma ya ishe ta, sai dai launinta yakan ɗan goce in ɗaki ya yi zafi. In aikinku koyar da 'yan aji ɗaya da aji biyu ne kawai, ku sayi ta hiliyom ɗaya da ta dayod da yawa, an wuce wurin.

Inda magana take shi ne lezar da zuciyarta lu'ulu'u ne. Ta farko a duniya irin wannan ce: Theodore Maiman ya kunna ta a 1960 a Amurka da yakutu, ta ba da ja mai nanomita 694. A 1964 aka samar da Nd:YAG, leza mai lu'ulu'un da ke ɗauke da sinadarin niyodimiyom, a ɗakin bincike na Bell Labs, wadda har yau ita aka fi ɗora wa aiki a wannan fage. Haskenta nanomita 1064 ne, ido ba ya ganinsa. Koren da muke gani a 'yar lezar nuni ta kasuwa yawanci daga irin wannan haske yake fitowa, kuma yadda abin ke faruwa ya cancanci a tsaya a kansa, don a cikinsa ne dalilin zaɓina yake.

A cikin koriyar leza akwai dayod mai ba da haske na nanomita 808. Wannan haske yana shiga lu'ulu'u mai sinadarin niyodimiyom, yawanci Nd:YVO4 a ƙananan na'urori, shi kuma ya fitar da 1064. Sai wannan ya ratsa wani lu'ulu'u na biyu, KTP, wanda ke haɗa ƙwayoyin haske biyu su zama ɗaya mai ninkin ƙarfi, tsawon zango ya rabu biyu, ya koma 532, kore shar. Peter Franken da abokan aikinsa ne suka fara nuna wannan ninki a Jami'ar Michigan a 1961, da lezar yakutu da dutsen kwatz. Ɗigon hasken da suka samu ya yi ƙanƙanta har masu buga mujallar suka ɗauka datti ne a jikin hoton, suka goge shi. Nakan ba ɗalibai wannan labari duk shekara, don su san ƙura da haske sun daɗe suna rikita mutane.

To ga inda zafinmu ke shigowa. Launin dayod yana gocewa da kusan nanomita 0.3 a kowane digiri ɗaya na zafi. In ɗaki ya tashi daga digiri 25 zuwa 38, ya goce da kusan nanomita 4, lu'ulu'un kuma bai iya shan hasken sosai sai a daidai wurin da yake so. Shi KTP ma yana da zafi da kusurwar da yake aiki a kai. Na taɓa kunna wata koriya mai araha da hantsi tana haske kamar ta fasa bango, da la'asar ta koma dishi-dishi, ɗalibai suna cewa ta lalace. Ba ta lalace ba, zafi ne ya raba dayod da lu'ulu'unsa. Saboda haka duk koriyar da za ku saya don aunawa, ku tambayi mai sayarwa ko tana da abin daidaita zafi a cikinta, kuma ya rubuta muku iyakar zafin ɗakin da take jurewa. Nd:YVO4 ya fi Nd:YAG haƙuri da gocewar dayod, wannan ma abin dubawa ne.

Zaɓina ga sashen da ke son fara bincike na gaske shi ne irin wannan leza, amma buɗaɗɗiya, wadda ake harhaɗawa a kan dogon ƙarfe: dayod daban, gilashin tattara haske daban, lu'ulu'u, madubai biyu, da KTP da ake sakawa a cire. Ɗalibi zai juya sukurun madubi da hannunsa har hasken ya kama, ya saka KTP ya karkata shi kaɗan-kaɗan har kore ya bayyana a bango. Na ga fuskar yarinyar da ta fara samun koren nan bayan kwana biyu tana fama, ta ɗaga murya ta ce, "Malam, ya fito!" Daga wannan na'ura guda ana iya fitar da aikin kammala digiri na ɗalibai da dama, wutar da take ci inbata da batir na iya ɗauka, kuma in abu ɗaya ya lalace shi kaɗai za a canza.

Sama da ita akwai Nd:YAG mai harbi, wadda ke tara ƙarfi ta sake shi cikin 'yan nanodaƙiƙa. Da ita ake samun haske mai nanomita 532, da 355, da 266, kuma da ita ake harbin dutse ko ƙasa a karanta sinadaran da ke ciki daga hasken tartsatsin. Ga jihar da ke da ma'adinai da ƙasar noma da ake son a auna, wannan aiki ne mai amfani ƙwarai. Amma tana shan tataccen ruwa don sanyaya kanta, fitilar da ke ciyar da ita tana ƙarewa bayan miliyoyin harbi, kuma ƙwayar ƙura ɗaya a kan madubi sai hasken ya ƙona ta ya bar tabo na har abada. Kada a saye ta sai an tanadi ɗaki mai rufaffiyar taga, da na'urar sanyaya ɗaki, da kuɗin fitila da tacewa na aƙalla shekara uku a cikin oda ɗaya.

Sai wadda Dakta yake so. Ti:sapphire, leza mai lu'ulu'un safaya da sinadarin titaniyom, wadda Peter Moulton ya samar a 1982, ana iya juya launinta daga kusan nanomita 650 zuwa 1100. Kyakkyawar na'ura ce, ba na musu. Sai dai ba ta tashi da kanta, tana buƙatar koriyar leza mai wat da yawa ta ciyar da ita, ga injin sanyaya ruwa, ga tebur na musamman da ba ya girgiza. Sayenta sayen na'ura uku ne. Ɗaya hanyar ita ce OPO, inda lu'ulu'u ke raba ƙwayar haske ɗaya gida biyu, in ka juya kusurwarsa launukan su canza. Wadda ake ciyarwa da 355 ta cikin lu'ulu'un BBO tana iya tafiya daga shuɗi, wajen nanomita 410, har ta wuce 2000. Ita ma sai kana da Nd:YAG mai harbi tukuna. Ra'ayina, kuma na faɗa masa ba ɓoye-ɓoye, irin waɗannan ba na sashe ɗaya ba ne. In za a saya, a ajiye a babban ɗakin gwaje-gwaje na jami'a, a tura ma'aikaci ɗaya ya koyi kula da ita, masu kemistiri da masu fiziks na makarantun jihar su riƙa zuwa da samfurinsu.

Su kansu lu'ulu'un akwai zaɓi a cikinsu. KTP ba ya shan laima, yana ninki da kyau ko da haske kaɗan, shi ne na mai farawa. In ƙarfi ya yi yawa yakan yi toka-toka a ciki, kuma ba ya kai wa ga 266. BBO da LBO, waɗanda Chen Chuangtian da tawagarsa suka samar a Fujiyan ta ƙasar Sin, sun fi shi jure ƙarfi. BBO ne ke kai wa 266, amma kusurwarsa ƙunci gare ta, ɗan motsi kaɗan haske ya ɓace. LBO ya fi dacewa da kore mai ƙarfi, sau da yawa a cikin ɗan murhu mai zafin kusan digiri 150. KDP shi ne tsoho mai araha, kuma shi nake jan kunne a kansa. A wani lab da na yi aiki an bar guda a cikin aljihun tebur aka tafi hutun damina. Da muka dawo fuskarsa ta yi fari kamar gilashin da aka hura wa numfashi, ba ya goguwa. BBO ma yana shan laima, ko da bai kai KDP ba. Kwalba mai murfin roba da ƙwayoyin silika masu shanye laima, abin da bai kai kuɗin man janareta na yini ɗaya ba, da ya cece shi.

Kada a rubuta oda babu tabarau na kare ido. Duk abin da ya haura miliwat 5 ya shiga ajin haɗari na 3B, abin da ya haura 500 aji na 4 ne, wanda ko hasken da ya dawo daga bango yana iya cutar da ido. Hasken 1064 ya fi haɗari don yana isa can cikin ido, mutum kuma bai ganinsa balle ya ƙifta. Koriyar leza mai araha sau da yawa ba ta da matacin da ke tare 808 da 1064, suna fitowa tare da koren. Kowane tabarau yana da lambobin launin da yake tarewa a rubuce a jikinsa. Wanda ke tare kore kaɗai ba zai kare ka daga 1064 ba. A haɗa da katin da ke nuna wurin da hasken ɓoye ya sauka.

Game da wurin saye, Thorlabs da Edmund Optics sun shahara a madubai da mariƙansu, Coherent da Spectra-Physics a manyan lezoji, CNI ta Changchun a ƙananan koraye, Castech ta Fuzhou a lu'ulu'u. Ko ta hannun ɗan kwangila za a bi, a rubuta lambar samfuri da tsawon zango da ƙarfi ƙarara a takarda, kuma kada a biya sauran kuɗi sai an kunna an auna da mitar ƙarfin haske a gabanku. Ita mitar ma a sa ta a cikin oda.

Dakta ya koma ya sake rubuta takardarsa: buɗaɗɗiyar leza ɗaya, KTP biyu, tabarau shida, mita, inbata da batura, kwalbar silika. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya da biro, wai a toshe tagar arewa da ke ɗakin kafin kaya su iso.